Akori-Kurar Da Ke "Shan Ruwa"

A bayan kujerar tsohuwar akori-kurar kawuna akwai wata jarka da ba ta rabuwa da wurin. Kullum da asuba, kafin a ɗora buhunan gero zuwa kasuwar Dawanau, yaron motar zai ɗaga bonet, ya kwance murfin lagireto, ya tuttula ruwa har ya tumbatsa. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ai Yaya, haka take, shan ruwa gare ta." Aka yi watanni ana haka. Wata rana cikin zafin Afrilu motar ta tsaya a hanya tana tururi kamar tukunyar dambu, sai janyo ta aka yi da igiya.

Mota ba ta shan ruwa. Ruwan inji zagaye yake yi a rufaffiyar hanya: famfon ruwa, wanda fanbel ke juyawa, ya tura shi cikin ramukan jikin injin, ya kwaso zafi, ya bi tiyon sama zuwa lagireto, iska ta huce shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da aka ƙona ta nan yake fita. In dai ana ƙari kullum, akwai ƙofar da ruwan ke bi, aikin kuwa shi ne gano ta.

Da sanyin inji ake fara nema. Wanda ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tafasasshen ruwa zai wanke masa fuska. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe ɗigon zai nuna ɓangaren da za a duba. Sai dai ruwa yana da yaudara, yakan fito daga sama ya gangara ya ɗiga a wani wurin daban, don haka da tocila ake bin sawunsa daga ƙasa zuwa sama. Inda ya jima yana tsattsafowa yakan bar farin gishiri-gishiri ko jan tsatsa.

Ni dai da murfin nake so a fara, saboda shi ne mafi arha, shi ne kuma aka fi rainawa. Akwai sifirin a cikinsa da ke riƙe matsi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin murfi mai lafiya sai ya kai wajen 120. Idan robar murfin ta tsage, ruwan zai tafasa da wuri, ya fice ta siririn tiyon ambaliya ana cikin tafiya. A ajiye motar, ƙasa a bushe ƙamas, direba ya rantse ba ta yoyo.

Daga nan sai tiyo. A matsa kowanne da hannu: wanda ya yi laushi kamar burodi, ko ya kumbura, ko ya ƙandare yana tsattsagewa, ya gama aiki. An fi samun ɓarna a ƙarƙashin kilif, inda ƙarfe ya ci roba. Famfon ruwa kuma yana da wani ɗan rami a ƙasansa da aka yi da gangan. In hatimin ciki ya mutu, ta nan ruwa ke fitowa. Wasu kan toshe ramin da gam, wanda bai da bambanci da toshe bakin mai ihu. Famfon ake canzawa. Akwai kuma 'yan murafan ƙarfe masu kama da kwabo a gefen injin, tsatsa kan huda su ta ciki. Tsohon lagireto na tagulla yana karɓar dalma a wurin masu gyaransa, amma na zamani mai tankin roba in ya tsage, gara a sayi wani.

Garejin da ya san aikinsa yana da wani ɗan famfon hannu mai agogo. A ɗaura shi a bakin lagireto, a buga iska daidai adadin da aka rubuta a kan murfin, a tsaya a kalli allura. In ta fara sauka, akwai ƙofa, sau da yawa ma sai a ga ruwan na feshi ido da ido.

Abin tsoro shi ne allura ta sauka amma ba a ga ɗigo ko ɗaya ba. To, ciki yake zuba. Alamominsa sanannu ne: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya ɗau zafi, kumfa na tasowa a bakin lagireto inji na aiki, baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. Yawanci gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ne ya ƙone. A nan ne ake sanin bakanike na gaske, don kowane inji da halinsa. Injin fetur na Peugeot 504, motar da aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975, silindojinsa bututun ƙarfe ne da ake zurawa, ruwa na kewaye da su kai tsaye. Wanda ya cire kan injin ya bar su suka motsa, hatimin gindinsu zai saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai ko da an sa sabon gasket. Hilux mai injin 22R kuwa, in robar da ke tare sarƙar taimin ta karye, sarƙar kan goge murfin gaba har ta huda hanyar ruwa. Sai a ɗora wa gasket laifi alhali ba ruwansa.

Dabarun bakin hanya, wato fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto, suna iya kai mutum gari na gaba. Amma abin da ya toshe huda shi zai toshe siraran bututun lagireton. Haka cire tamostat da aka mayar al'ada a garejojinmu, wai ƙasarmu da zafi: bai taɓa tsayar da yoyo ba, sai dai inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara cin mai.

Ruwan jarkar kansa yana cikin masu laifi. Duk wanda ya leƙa cikin butar mai shayi ya ga farin dutsen da ruwan rijiya ke bari. Haka yake yi a cikin inji, ga tsatsa. Ruwan kala na kanti, wanda ake cewa kulant, ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a ciki. Mai kauri ana gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Sai dai guba ne mai zaƙi, yana kashe ƙoda, kada a bar shi a kwano inda yara ko awaki za su kai baki.

Motar kawu, da aka kwance ta, kan injin ya lanƙwashe saboda zafi, sai da aka kai shi aka goge a injin sassaƙa ƙarfe. Bayan an ɗaure, bakaniken ya cika ruwa a hankali, ya tada inji murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita, ya ce a duba ruwan safiya uku a jere. Sannan ya miƙo wa kawu guntun tiyon ƙasa, ya lanƙwasa shi da yatsa, wata tsaga da ba ta kai farce ba ta buɗe baki.

"Alhaji, ga ɓarawon naka," in ji shi.