Ko ka sani? A garken jan biri, mata ne ke jan ragama

Ƙasar da ta tashi daga Gumel zuwa Gagarawa, Sule Tankarkar da Maigatari a bakin iyakar Nijar, rairayi ce da bishiyoyin ƙaya jefi-jefi, ga damina gajera, ga rani mai tsawo. Irin wannan daji shi ne gidan jan biri tun daga Senegal har Habasha, kuma shi ya tsara masa yadda yake zama da 'yan'uwansa.

Inda bishiya ta yi wa bishiya nisa, hawa sama ba ya ceton rai. Sai jan biri ya zama ɗan gudu: dogayen ƙafafunsa na kai shi kilomita 55 a awa, babu birin da ya kamo shi. Abincinsa ma a warwatse yake, ƙaro a jikin ƙaya, fara, tururuwa, 'ya'yan itace, don haka garke kan yini yana tafiya.

A mafi yawan shekara, babban namiji ɗaya ne tak a garken, duk da mata da 'ya'ya kan kai goma sha ko fiye. Ya ninka mace nauyi, amma ba shi ke cewa a nufi gabas ko yamma ba. Matan a nan aka haife su, a nan suke mutuwa, su suka san inda ruwa yake saura a bazara. Shi kuwa baƙo ne, wani ƙato zai zo ya kore shi. Yana can gefe a kan suri ko reshe yana leƙen dila da kare. Samarin da suka tasa kan bar garken, su yi yawo su kaɗai ko su haɗa nasu gungun na gwagware, sai lokacin barbara da damina su kutso.

Dare ya fi ban mamaki. Gwaggon biri a Yankari cunkushewa suke wuri guda su kwana. Jan biri watsewa yake, kusan kowa da bishiyarsa, uwa da jaririnta kawai ke haɗuwa, kuma ba kasafai suke maimaita makwanci ba, don kada damisa ta gane hanya. Haihuwa ma da rana matan ke yi, akasin yawancin birai, galibi a watannin hunturu.

Yanzu da gonakin gero, gyaɗa da riɗi suka cinye yawancin dajin, aikin gadin nan ya koma bakin gona: namiji na sama yana kallon manomi, mata na ƙasa suna tonon gyaɗa.