Littafin Hira Abokin Mai Haƙuri

Wanda ya san Unguwar Rogo cikin birnin Sakkwato ya san mutanenta masu neman na kansu ne. Amma tun ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka tashi, har magidanci ya kan fita da safe bai san abin da zai komo da shi ba. Ga kuma 'yan'uwa daga Isa da Sabon Birni da Goronyo, waɗanda ɓarayin daji suka raba da gonakinsu, sun shigo birni sun raɓa da dangi.

To, cikin wannan hali muka tarad da wani abu a zauren wani dattijo maɗinki. Kullum in an sallame lisha, sai jikansa ɗan makaranta ya ɗauko Magana Jari Ce, ya haska da fitilar waya, ya shiga karantawa. Maƙwabta su zauna bisa tabarma, mata kuwa su kasa kunne daga bayan danga. Dattijon ya ce mana, "Ɗana, labari ba ya cika tukunya, amma wanda ya yi dariya da dare ya kan sami barci, wanda ya yi barci kuwa shi ke da ƙarfin fita nema."

Lalle maganarsa tana kan hanya, gama littattafan nan ma cikin tsanani aka haife su. A 1933, lokacin da ciniki ya faɗi a duniya duka, gyaɗa da auduga suka rasa daraja, ga kuma fari sun dami manoma, sai Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Haka kuma bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya matsa wa talakawa, marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka fito, littattafansu suka game ƙasa.

Mai karatu ya dubi abin da ke cikinsu mana. Umar an sace shi yana yaro, ya sha bauta, ya ƙetare hamada, duk da haka ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. A Magana Jari Ce kuwa, wadda aka fara bugawa a 1937, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa ya ƙosa ya bi shi, alhali Waziri ya ƙulla masa makirci a waje. Aku ne ya riƙa tsare shi da labari dare bayan dare har uban ya komo. Watau hira ta hana yaro gaggawar da za ta hallaka shi. Samarinmu da talauci ke zuga su bi miyagun abokai suna bukatar irin wannan aku.

Kada dai a ɗauka muna cewa a bar sana'a da addu'a a rungumi tatsuniya. Kowane abu da lokacinsa. Abin da muke roƙo shi ne, wanda ke da tsohon littafi a akwati ya fito da shi ya ba maƙwabci aro, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Masu iya magana sun ce mahaƙurci mawadaci. Allah ya kawo mana sauƙi, amin.