Duwatsun Da Teku Ke Ci, Jihar Biktoriya Na Cin Albarkarsu

A kudancin ƙasar Ostireliya, cikin jihar Biktoriya, akwai wata hanyar mota mai suna Great Ocean Road, wadda ta bi gaɓar teku har tsawon kilomita 243, daga garin Torquay zuwa Allansford. Abin da ya fi jan jama'a zuwa wannan hanya shi ne wasu dogayen duwatsu da ke tsaye cirko-cirko a cikin ruwa, kusa da garin Port Campbell, waɗanda ake kira Twelve Apostles, wato Manzanni Goma Sha Biyu, ko da yake waɗanda ke tsaye ba su kai goma ba.

Duwatsun na farar ƙasa ne, irin wadda ake yin siminti da ita, tsayin wasunsu kuwa ya kai mita 45. Asalinsu haɗe suke da tudu. Igiyar ruwa da iska suka yi ta zaizayar gaɓar har ta zama kogo, kogon ya huje ya zama kamar gada, daga bisani saman gadar ya rufta, aka bar ginshiƙi shi kaɗai cikin teku.

Ita kanta hanyar tana da tarihin kasuwanci. A shekarar 1918 ne magajin garin Geelong, Howard Hitchcock, ya jagoranci kafa wata ƙungiya mai zaman kanta don tara kuɗin aikin. Sojoji kimanin 3,000 da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suka sare duwatsu da diga da shebur daga 1919 zuwa 1932, don tunawa da 'yan'uwansu da suka kwanta dama. An riƙa karɓar kuɗin wucewa daga masu motoci har zuwa 1936, lokacin da aka danƙa hanyar ga gwamnatin jiha.

A yau masu masaukin baƙi da gidajen abinci a garuruwan Lorne da Apollo Bay da Port Campbell, da kamfanonin safa-safa na birnin Melbourne, da masu yawo da baƙi cikin jirgin sama mai saukar ungulu, duk da waɗannan duwatsu suke cin abinci.

Sai dai kuma ruwan da ya sassaƙa wannan jari shi ne ke cinye shi. A watan Janairu na 1990, ɓangaren wani dutse mai suna London Bridge ya rufta, 'yan yawon buɗe ido biyu suka maƙale a kan ragowar, sai da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauko su. A watan Yuli na 2005 kuma, ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan ya zube a gaban idon masu kallo.

Hanyar ma ba ta tsira ba. Gobarar daji ta watan Disamba na 2015 ta ƙone gidaje fiye da 100 a yankin Wye River, sannan zaftarewar ƙasa a 2016 ta sa aka rufe wani sashe nata, cinikin garuruwan ya ja baya.

Wata matsalar ita ce yawancin baƙi sammako suke yi daga Melbourne, su ɗauki hoto, su koma a ranar. Ke nan yankin na ɗaukar nauyin cunkoso da gyaran hanya, alhali kuɗin kwana da na abincin dare a birni ake kashe su. Domin haɗa kula da gaɓar a hannu guda, gwamnatin jihar ta kafa hukuma ta musamman a shekarar 2020.

Ga 'yan kasuwar yankin, lissafin a bayyane yake: riba ba ta ga yawan waɗanda suka zo kallo, tana ga yawan waɗanda suka kwana.