Coci-coci da Rayuwar Addini a Birnin Legas

Ranar Lahadi da safe ce kaɗai titunan Legas ke ɗan sararawa daga cunkoson motoci, amma ba shiru birnin ke yi ba. Ta kowace kusurwa sai kiɗa da waƙoƙin yabo, daga manyan majami'u har zuwa ɗan shagon da aka jera wa kujerun roba aka kafa wa lasifika.

Addinin Kirista ya shigo yankin ne ta Badagry a 1842, tare da 'yan mishan da kuma 'yantattun bayi Yarabawa da suka dawo daga Saliyo. Fitaccensu shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin bishop a ɗarikar Angilika a 1864. 'Yan mishan sun haɗa wa'azi da boko: makarantar CMS da suka buɗe a Legas a 1859 ita ce sakandare mafi daɗewa a Najeriya.

Sai dai sujadar Turawa, mai natsuwa da bin littafi, ba ta kashe wa kowa ƙishi ba. Bayan annobar mura ta 1918 aka samu ƙungiyoyin Aladura, masu dogaro da addu'a da azumi da mafarki wajen neman waraka. A 1925 Moses Orimolade ya kafa Cherubim and Seraphim a Legas. Har yau za ka ga mabiya irin waɗannan coci sanye da fararen riguna, wasu ba takalmi, suna addu'a a bakin teku.

Babban sauyi ya zo ne da cocin Fentikos. Redeemed Christian Church of God ta faro a 1952 a hannun Josiah Akindayomi, amma ba ta bunƙasa ba sai da malamin lissafi Enoch Adeboye ya gaje shi a 1981. William Kumuyi, shi ma malamin lissafi, ya fara Deeper Life a 1973 da ɗan ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a Jami'ar Legas. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, masana'antu suka rufe, sai coci-coci suka riƙa saye rumbunan ajiya da gidajen silima suna mai da su wurin ibada. Sansanin Redeemed da ke hanyar Ibadan yanzu gari ne guda, da gidaje da bankuna da makarantu da tashar lantarkinsa. Duk wanda ya bi hanyar a Juma'ar farko ta wata, daren da ake kwana addu'a, ya san yawan jama'ar da ake nufi.

Me ke jan mutane haka? Imani na nan, ba shakka, amma akwai kuma halin birni. Wanda ya baro ƙauyensu ya sauka a Oshodi bai san kowa ba, coci ne ke zame masa dangi. Nan zai ji labarin aiki, nan zai samu ɗakin haya, nan zai ga matar aure, kuma idan ya kwanta asibiti zumuntar mata ce za ta kai masa abinci. Shi ya sa kowace ƙabila ke da nata: a Agege da wasu unguwanni akwai cocin da ake sujada da Hausa, na Kiristocin Arewa. A wannan dogaro da coci kuma abin damuwar yake, domin mutumin da ya jingina rayuwarsa kaf a wuri ɗaya da wuya ya tambayi inda zakkarsa da baikonsa ke tafiya, ko da fasto na hawa jirgin sama na kansa.

Musulmin Legas, waɗanda suka gina masallacin Shitta-Bey tun 1894, ba su zuba ido ba. A 1995 wasu ma'aikata 'yan boko suka kafa ƙungiyar NASFAT, suka sa taron addu'arsu ranar Lahadi da safe, lokacin da maƙwabta ke coci. A gidan Bayarabe ɗaya sai ka tarar uba alhaji ne, 'yarsa mawaƙiyar coci, a ci naman layya tare a ci shinkafar Kirsimeti tare. Ko a 2016, da gwamnatin jihar ta tashi rufe wuraren da ƙarar lasifikarsu ta hana jama'a barci, coci da masallaci ta haɗa ta garƙame.