Kwas Ɗin Share Fage: Yadda Ɗalibin Zane Ke Zaɓen Fanninsa

Da yawa daga iyaye a zangunanmu, idan aka ce musu yaro zai karanta zane-zane, abin da ke zo musu a rai shi ne mai rubuta allon shago ko mai yi wa mota ado. Alhali kuwa ilmin nan reshe-reshe ne, kowane reshe kuma da hanyar cin abincinsa. Don haka ne makarantun fasaha suka ware wani lokaci, wato kwas ɗin share fage, domin ɗalibi ya taɓa kowane fanni da hannunsa kafin ya tsaya a kan guda.

Wannan tsari ya samo asali ne daga makarantar Bauhaus wadda Walter Gropius ya kafa a garin Weimar na ƙasar Jamus cikin 1919. A can wani malami, Johannes Itten, ya shirya kwas na wata shida inda sabon ɗalibi zai koyi sha'anin launi da siffa da halin kayan aiki kafin a bar shi ya shiga ɗakin saƙa ko na ƙira ko na sassaƙa. A Ingila, rahoton kwamitin Coldstream na 1960 ya ba da shawarar a yi shekara guda ta shiri kafin babban karatun fasaha. Har yanzu kwas ɗin can na shekara ɗaya ne, kashi uku: makonnin zagaya fannoni, sai zaɓen fanni, sai babban aikin ƙarshe da ake baje wa jama'a. Lokacin zaɓe ƙanƙane ne, domin a watan Janairu ake son takardun neman shiga jami'a su isa.

Mu ma a nan Gana ba baƙin wannan al'amari ba ne. Tun 1952 aka mayar da sashen fasaha na Achimota zuwa Kumasi, shi ne ya zama Kwalejin Fasaha ta jami'ar KNUST. Kazalika, tsarin babbar sakandare da aka soma a farkon shekarun 1990 ya tanadi darasin sanin fasaha gaba ɗaya, sa'an nan ɗalibi ya zaɓa tsakanin zanen talla, zanen hoto, aikin tufafi, ginin tukwane, dukanci, sassaƙa da sauransu.

To, ta yaya yaro zai zaɓa? Mu da muke cikin aji mun lura cewa makin jarrabawa kaɗai ba ya faɗin gaskiya duka. Littafin da ɗalibi ke zane a ciki lokacin da babu wanda ya sa shi, shi ne babban shaida. Wanda ya cika shafukansa da haruffa da tambari, zanen talla ke kiransa, amma ya sani zai yi aiki ne da umurnin mai kaya da ranar da aka yanka masa. Wadda ke maimaita ado iri ɗaya har ya daidaita, tana da haƙurin da rini da buga atamfa ke bukata. Wanda kuwa hannunsa ba ya zama sai ya lanƙwasa waya ko ya murɗa yumɓu, wurinsa ɗakin ƙira ne ko na tukwane.

Abu na biyu shi ne kuɗin kayan aiki. Mai tukwane na zamani yana bukatar murhun gashi mai tsada, mai zanen talla yana bukatar kwamfuta, baduku kuwa da wuƙa da basilla da fata zai iya soma aiki a zaure. Na uku, a zauna da iyaye tun da wuri. Gidan da ba ya son a sassaƙa surar mutum saboda addini, ga rini da saƙa da dukanci da zayyanar haruffa, waɗanda duk sana'o'in kakanninmu ne. Babban kuskuren da muke gani shi ne yaro ya bi abokinsa ko malamin da yake so, shekara ta zagayo ya tarar ba aikinsa ke nan ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai dai kada a ɗauka zaɓen nan kurkuku ne. Ablade Glover aikin tufafi ya karanta a Landan, amma da zanen kasuwanni da cincirindon mutane duniya ta san shi. El Anatsui ya koyi sassaƙa a Kumasi, ya tafi koyarwa Nsukka a 1975, daga baya ya shahara da haɗa murafun kwalabe su zama kamar ƙaton mayafi. Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale, zanen fenti ya karanta a KNUST, amma da tsofaffin buhunan koko ya lulluɓe bango a bikin baje kolin Venice na 2015.

Duk da haka, kowannensu sai da ya riƙe abu guda ya ƙware tukuna, domin taura biyu ba ta taunuwa. Shawararmu ga iyaye ita ce su nemi ganin littafin zanen yaransu, su kuma je su gana da malaminsu kafin a cika takardar zaɓe. Allah ya yi wa yaranmu jagora, amin.