Mudu Ɗaya Ga Kowa: Yadda Aka Daidaita Awon Ƙwaƙwalwa a Binciken Gigin Tsufa

Gigin tsufa, wato lalacewar tunani da ke sa dattijo ya manta sunan jikansa ko ya ɓace a unguwar da aka haife shi, ba tsufa ba ne kawai. Cuta ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 57 ke fama da ita a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Shi sai da majinyaciyarsa ta rasu sannan ya ga abin da ya faru a ƙwaƙwalwarta. Yanzu kuwa na'urar MRI, mai aiki da ƙarfin maganaɗisu, tana nuna ƙwaƙwalwar mutum yana raye. Sai dai gani daban, awo daban.

Inda Matsalar Take

A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa da ake kira hifokamfus, wanda bai wuce girman ƙaramin yatsa ba. Shi ke taimaka wa mutum ya adana sabon abin da ya gani ko ya ji, kuma yana cikin sassan da cutar Alzheimer ke fara ci. A dattijo mai lafiya yakan ragu da kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, a mai cutar kuwa kashi 4 zuwa 5. Saboda haka mai gwajin sabon magani yana farautar bambancin da bai kai girman ƙwayar wake ba.

Mai karatu ya san abin da ke faruwa idan aka auno gero da mudun wata kasuwa aka sake auna shi da na wata. Geron bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma lissafi ya saɓa. Haka na'urorin MRI suke. Manyan kamfanonin da ke ƙera su, wato GE da Siemens da Philips, kowanne da tsarinsa. Wata na'urar ƙarfin maganaɗisunta Tesla 1.5 ne, wata Tesla 3. Bugu da ƙari, na'ura takan ɗan miƙe hoto ko ta matse shi, musamman ta gefe-gefe, kuma sauya mata wani ƙarfe ko manhaja na iya sauya sakamakon awo. Idan kuskuren ma'auni ya kai girman abin da ake aunawa, ana iya yabon maganin banza, ko a watsar da mai amfani. Ga shi kuma babu asibiti guda da zai iya tara ɗaruruwan majinyatan da irin wannan bincike ke bukata. Dole a haɗa hannu, dole kuma a yarda da mudu ɗaya.

Shirin ADNI

A 2004 aka ƙaddamar da shirin da ake kira ADNI a ƙarƙashin jagorancin Dokta Michael Weiner na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, da kuɗin gwamnatin Amurka da na kamfanonin magunguna. Ya haɗa cibiyoyi fiye da 50 a Amurka da Kanada, da dattawa kimanin 800: 200 masu lafiya, 400 masu ƙaramar mantuwa, 200 masu cutar Alzheimer. Kafin a ɗauki hoton majinyaci ko ɗaya, rukunin Dokta Clifford Jack na asibitin Mayo ya gwada hanyoyin ɗaukar hoto daban-daban, ya zaɓi guda, sannan ya tsara ta yadda za ta ba da hoto mai kama da juna a na'urar kowane kamfani.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce kan gwaji. Wani ƙoƙon roba ne mai faɗin santimita 20, cike da ruwa, da ƙananan ƙwallaye 165 a ciki, kowanne an san ainihin mazauninsa. A zagayen farko na shirin, duk lokacin da aka ɗauki hoton mutum sai a ɗauki na ƙoƙon. Tun da roba ba ta tsufa, in aka ga tazarar ƙwallayen ta sauya a hoto, to laifin na'ura ne, ba ƙwaƙwalwa ba. Har ila yau, ana duba ingancin hotunan duka a wuri guda, kuma aka buɗe taskarsu ga masu bincike na ko'ina a duniya. Ostareliya da Japan sun kafa makamantan wannan shiri a 2006 da 2007.

Sauran Gyare-gyare

Daidaita na'ura bai kashe magana ba, domin masana kansu ba su yi ittifaƙi kan inda iyakar hifokamfus take ba. Wani ya haɗa da wutsiyarsa, wani ya bar ta, har awon sashe ɗaya kan bambanta fiye da ninki biyu. Ƙwararru daga Turai da Amurka, bisa jagorancin Giovanni Frisoni, suka kwatanta hanyoyi 12 da aka fi amfani da su, suka fitar da ƙa'ida guda a 2015.

A wannan shekarar kuma William Klunk na Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsa suka magance irin wannan ruɗani a na'urar PET, wadda ke nuna daskararren furotin mai suna amiloid a ƙwaƙwalwa. Sinadaran da ake yi wa mutum allurarsu kafin hoton sun bambanta, kowanne da alƙalumansa. Sai suka kafa ma'aunin Centiloid: 0 ga matashi mai lafiya, 100 ga wanda cutar ta bayyana a jikinsa sosai. Amfanin haka ya fito fili a gwajin maganin lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, domin da wannan ma'auni aka nuna yawan amiloid ɗin da ya kwashe.

Darasi Daga Ibadan

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijeriya. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Dokta Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka fara kwatanta dattawan Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis, da tambayoyi iri ɗaya da ƙa'idar gano cuta iri ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa kashi 1.35 cikin 100 ke kamuwa da gigin tsufa kowace shekara a Ibadan, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Da awon ya bambanta, da babu wanda zai gaskata wannan tazara.

Akasarin waɗanda aka ɗauki hotonsu a zagayen farko na ADNI fararen fata ne masu zurfin karatu, don haka bai kamata a ɗauka cewa alƙalumansu sun dace da kowace al'umma ba. Yayin da asibitocin koyarwa na Afirka ke samun na'urorin MRI, wajibi ne jami'o'inmu su yarda da ƙa'ida guda tun kafin su fara tara hotuna, su kuma riƙa gwada na'urorinsu a kai a kai. Ta haka ne hoton da aka ɗauka a Zariya zai iya zama kafaɗa da kafaɗa da na Ibadan ko na Landan, a san gaskiyar halin da dattawanmu ke ciki.