Ba Kowane Tsini Ne Ke Kallon Sama Ba

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman Ingilishin "ƙololuwa" zai tarar da kalmomi a jere: summit, peak, crest, zenith da apex. Sai ya ɗauka duk ɗaya ne. A hira ana iya musanya su, amma a fagen kimiyya kowace da mazauninta, kuma rashin sanin haka yakan jawo asarar maki a jarrabawa.

Summit ita ce wuri mafi bisa a kan dutse, inda mai hawa ba shi da sauran abin takawa. Ta Dutsen Everest ta kai mita 8,849 bisa awon shekarar 2020. Ta Chappal Waddi kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ce. Peak kan dutse ne mai tsini, amma ana amfani da ita ga lokacin da abu ya kai matuƙa, alal misali yawan masu zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen damina. Crest ita ce tozon igiyar ruwa, haka kuma tukkun tsuntsu irin na gauraka.

Zenith ba a doron ƙasa take ba. Wuri ne a sararin samaniya daidai saman kan mutum, kuma asalin kalmar Larabci ne. A Kano rana takan kai wannan matsayi sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Agusta. A ranar, sandar da aka kafa tsaye takan rasa inuwa da tsakar rana.

Wadda ta fi rikita ɗaliban ilmin halittu ita ce apex, domin ma'anarta tsini ce, ba bisa ba. Apex na huhu yana sama, kusa da ƙashin wuya, amma na zuciya yana kallon ƙasa ta wajen hagu, kuma a nan likita ke jin bugunta, tsakanin haƙarƙari na 5 da na 6. Haka apex na saiwa, ƙasa yake kutsawa. Ɗalibin da aka ce ya nuna apex a zanen zuciya, ya kai kibiyarsa sama, ya faɗi tambayar.

Saboda haka ya kyautu malamai su riƙa koyar da kowace kalma tare da abin da take sifantawa: dutse ne, ko sararin samaniya, ko gaɓar jiki.